Lambuna ya bushe a sanyin Ingila, me zan shuka ya ba ni launi a Janairu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan da muka tare a gidanmu a Leeds. Akwai ɗan fili a baya, bai wuce taku goma sha biyu a tsawo ba. Daga Yuni zuwa Satumba gwanin sha'awa, amma da Nuwamba ya kama sai komai ya kaɗe, ba abin kallo sai shingen katako. Makon jiya maƙwabciyata ta kai ni baje kolin tsirran lokacin sanyi. Na ga wasu masu jan kara kamar wuta, wasu kuma fure a kan reshe ba ganye ko ɗaya, ƙamshi ya cika zauren. Na rasa na zaɓa, na dawo hannu Rabbana. Wanne ya kamata in shuka, kuma ana dashe cikin wannan sanyi kuwa? Ina da yara ƙanana.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Dawowar da kika yi hannu Rabbana ba ta zama asara ba, kin ma tsirar da kuɗinki. Na taso a lambun fadama, na kuma shafe shekaru ina aikin lambu a arewacin Ingila, har na sha taya masu rainon tsirrai jera kaya a irin wannan baje koli, don haka na san yadda ake haɗa abin da ya ɗauke miki hankali. Kowace tukunya an zaɓo ta ne a makon da ta fi kyau a duk shekara. Wasu an ɓoye su a rumfar gilashi don kada ruwa da iska su taɓa furen. Sai a jera su a matse, a rufe bakin tukwanen da ɓawon itace, mai kallo ya ɗauka a nan suka tsiro. Ƙamshin kuwa, ɗumin ɗaki ne ya tayar da shi, rufi kuma ya hana shi fita. Babu ha'inci a ciki, haka sana'ar take. Sai dai itacen da kika gani manne da ɗan'uwansa, in ya samu ƙasa, nan da shekara goma yana iya cin faɗin mita uku shi kaɗai, ke kuma taku goma sha biyu gare ki.

Kafin ki sayi ko tsiro ɗaya, ki je ki gan su a inda suke zaune a waje, sanyi na dukansu. Kin yi sa'ar wuri. Lambun Harlow Carr na ƙungiyar masu lambu ta RHS yana gefen Harrogate, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Leeds, kuma akwai doguwar hanya a cikinsa da aka shuka musamman don watannin sanyi. Ƙasarsu laka ce mai nauyi, iskarsu irin taku ce, abin da ya yi kyau a can da wuya ya ba ki kunya. In hanya ta bi da ku wajen Manchester akwai lambun sanyi na Dunham Massey da aka buɗe a 2009, na Jami'ar Cambridge kuwa tun 1979 yake. Ki zaɓi ranar da gari ya lumshe, domin irinta ce ta fi yawa a nan, kuma itacen da ya haskaka a irin wannan rana shi kike nema. Ki ɗauki hoton allon sunan duk wanda ya burge ki. Sunayen na Latin ne, suna da wuyar faɗa, amma da su ake ciniki, shi ya sa zan rubuta miki su yadda suke a jikin tukunya.

A gida, hunturu lokacin mai lambu ne. Tumatir, albasa, kabeji, karas, duk sai sanyi ya shigo suke yin yadda ake so, saboda rana tana nan awa 11 da ɗoriya, ruwa ne kawai babu, sai a yi ban-ruwa. A nan abin ya juye: ruwa ya yi yawa, haske ya yi ƙaranci. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Leeds sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi kafin huɗu, yinin bai cika awa bakwai da rabi ba. Yawancin tsirrai sai su zubar da ganye su kwanta. Abin da kike nema shi ne 'yan tsirarun da suka saɓa wa jama'a, irin gawo. Kin san halin gawo: damina ta sauka kowa ya yi kore, shi ya tuɓe, rani ya zo kowa ya kaɗe, shi ya yi shar. Ƙasashen sanyi ma suna da nasu gawon. Da yawa daga cikin masu furen sanyi daga Sin da Japan da tsaunukan Himalaya aka kawo su, kuma ƙamshinsu yana da dalili. Ƙwarin da ke yawo a Janairu kaɗan ne, ɗan ƙaramin fure sai da ƙamshi mai ƙarfi zai kira su daga nesa.

Duk da haka, ni ba da fure zan sa ki fara ba. Fure 'yan makonni yake yi, kuma in raɓa ta daskare da tsanani tana iya ƙona shi a dare ɗaya. Kara kuwa, daga ranar da ganye ya zube a Nuwamba har ƙarshen Maris yana nan da launinsa, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Masu jan karan da kika gani, sunan danginsu Cornus. Cornus alba 'Sibirica' ja ne wur. Cornus sericea 'Flaviramea' rawaya ne mai ɗan kore. Wanda kika ce kamar wuta kuwa, ina kyautata zaton Cornus sanguinea 'Midwinter Fire' ne, gindinsa rawaya, tsakiyarsa ruwan lemo, samansa ja. Suna cikin mafi araha, ba sa tsoron sanyi, kuma suna jin daɗin laka mai danshi, wadda ke ruɓar da saiwar wasu.

Sirrinsu ɗaya ne, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Launin yana jikin sabon toho. Karan da ya shekara uku ko huɗu sai ya dushe ya koma toka-toka, mai shi ya ce an sayar masa da jabu. Ki tuna sabara a gona. Manomi ya sare ta lokacin sharar gona har ƙasa, ruwa na sauka ta fito da sababbin tsumagu miƙaƙƙu, sun ma fi na bara yawa. Haka ake yi wa Cornus. Shekara biyun farko ki ƙyale shi ya kafa saiwa. Daga nan, kowace shekara a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, lokacin da idon toho ya fara kumbura, ki sa almakashin lambu ki datse karan, ki bar kamar santimita 5 zuwa 8 sama da ƙasa, tsawon ɗan yatsa ke nan. Na san zuciya ba ta so. Mutum ya shafe wata huɗu yana kallon abu mai kyau, a ce ya mai da shi kututture. Na sha tsayawa da masu gida suna riƙe da almakashi sun kasa. In kin ji ba za ki iya ba, ki cire kashi ɗaya bisa uku na karan da suka fi tsufa kowace shekara, daga gindi. Wannan hanyar ma ita ta fi dacewa da 'Midwinter Fire', domin bai kai sauran ƙarfin farfaɗowa ba. Bayan sara ki zuba masa ruɓaɓɓen taki a gindi, tunda kin ɗora masa aikin sake gina kansa.

Inda za ki sa su ya fi muhimmanci bisa yawansu. A Janairu ba wanda ke zama a lambu. Daga tagar kicin za ki riƙa ganinsa, kina wanke-wanke ko kina haɗa wa yara karin kumallo. To ki tsaya a bakin tagar nan, ki sa wani ya riƙe sanda a waje yana matsawa, har ya zo daidai inda idonki ke sauka. Nan ne wurin. Rana a wannan lokaci ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, ba ta hawa tsaka. In ta bugi jan kara ta baya ko ta gefe, sai ki ga kamar an kunna shi. In kuwa kika ɓoye shi a inuwar shinge, launin ba zai fito sosai ba. Kuma kada ki shuka ɗaya tilo. Uku iri ɗaya, tazarar kamar mita ɗaya tsakaninsu, sun fi iri uku daban-daban da aka warwatsa.

Yanzu maganar ƙasa, wadda ita za ta yanke hukunci a kan masu fure. Abu biyu nake so ki bincika. Na farko, ki haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ki cika shi da ruwa, ki dawo washegari. In ruwan na nan kwance, ƙasarki tana riƙe ruwa, Cornus zai ji daɗi amma wasu sai an ɗaga musu kunya. In gidan sabon gini ne kada ki yi mamakin cin karo da ɓaraguzan bulo da siminti, ki tsince su. Na biyu, ki sayi ɗan abin gwajin ƙasa da ake sayarwa a shagunan kayan lambu, yana nuna ma'aunin da ake kira pH. Ƙasa da 7, ƙasa mai tsami ce. Sama da 7, mai alli ce. Leeds tana da duka biyun. Yawancin gari laka ce da dutsen yashi, amma ta gabas, wajen Garforth da Wetherby, akwai zirin farin dutse mai alli. Ki kuma leƙa lambunan maƙwabta. In kin ga Rhododendron da Camellia, itatuwan fure da ba sa son alli, sun yi ɓul-ɓul da ganye kore shar, ƙasar unguwar mai tsami ce.

Na dage a kan wannan ne saboda Hamamelis, wanda nake jin shi ne mai fure a reshe tsirara da ya tsaya miki a rai. Furensa kamar an yayyanka zare an ɗaura a jikin reshe. In dare ya yi sanyi ƙwarai sai zaren ya nannaɗe, rana ta ɗan ɗumama ya warware, ba abin da ya same shi. Na taɓa tsayawa da safe ina kallon wannan warwarewa, raɓar da ta daskare tana narkewa tana ɗiga daga bakin kowane zare, har shayin da ke hannuna ya huce. Yana da iri-iri. 'Pallida' rawaya ne mai haske, kuma a hancina ya fi sauran ƙamshi. 'Jelena' ruwan tagulla ne, 'Diane' ja. Waɗannan biyun daga lambun itatuwa na Kalmthout suka fito, kusa da Antwerp a Beljiyam, inda mai lambun, Robert de Belder, ya sa wa ɗaya sunan matarsa, ɗaya kuma sunan 'yarsu. Har yanzu ana yin bikin furen Hamamelis a can a watannin Janairu da Fabrairu. Daga nesa, a rana mai duhu, rawayan ya fi fitowa. Ja yana ɓacewa cikin duhun shinge.

Amma Hamamelis ba ya shiri da alli. A farkon zuwana na dasa wa wani mai gida ɗaya ba tare da na gwada ƙasar ba, don na ga ta yi baƙi ta yi laushi, irin wadda a fadama za a ce ta yi. Ashe ƙarƙashinta farin dutse ne. Shekara ta zagayo ganyen ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore, alamar saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Na yi ta ba shi magani, bai taɓa murmurewa ba, a shekara ta uku muka tone shi. Abin ya dame ni, domin itace ne mai tsada. Tsadar kuwa saboda aure ake yi masa, a ɗora reshen irin da ake so a kan gindin wani ɗan'uwansa mai ƙarfi, ga shi da jinkirin girma. In kin saya, duk tohon da ya fito daga ƙasan mahaɗar ki cire shi, na gindin ne, in kika bar shi zai rinjayi na saman. A filinki guda ɗaya ya isa, shi ma sai in gwaji ya nuna 7 ko ƙasa da haka, kuma ruwa ba ya kwanciya.

In ƙasar ta ƙi, akwai wanda ba ya zaɓe: Viburnum × bodnantense 'Dawn'. A lambun Bodnant da ke arewacin Wales aka samar da shi a shekarun 1930. Furensa ruwan hoda ne, curi-curi, yana buɗewa kashi-kashi daga Nuwamba har Maris, in sanyi ya ƙona na wannan mako wani ya biyo baya. Yana miƙewa sama kamar mita uku ba tare da ya baje sosai ba, don haka ya dace da kusurwa. Gaskiya a watannin zafi ba shi da wani kyan gani, ki sa shi a baya.

Wanda ba na barin kowane ƙaramin lambu babu shi kuwa, Sarcococca confusa ne. Ba ya zubar da ganye, ganyen kore ne mai sheƙi, furensa fari ƙanana ƙwarai har sai an duba ƙarƙashin ganye. Baƙo zai shigo ya tsaya yana waige-waige yana neman inda ƙamshi ke fitowa. Yana jure inuwa, har irin ta gefen gida inda ba abin da ke yi. Wurinsa bakin ƙofar baya, inda kike wucewa kullum za ki zubar da shara. Ƙamshin da aka kai ƙarshen lambu a Janairu, ba mai zuwa shaƙarsa. In kina da bango ko shinge mai kallon arewa, Jasminum nudiflorum zai lulluɓe shi da rawayan fure. Wani mai farautar tsirrai, Robert Fortune, ne ya kawo shi daga Sin a 1844. Ba shi da ƙamshi, kuma sai an ɗaure shi a jikin waya don ba ya kama bango da kansa. Mahonia × media 'Charity' ma yana da kyau, rawayan furensa tsaye kamar zangarniyar gero tun Nuwamba, amma ganyensa ƙaya ne, ba zan sa shi inda yara ke guje-guje ba.

Tunda kin ambaci yara, ga abin da nake so ki riƙe da kyau. A baje kolin nan ba shakka an nuna Daphne bholua 'Jacqueline Postill', kuma mai yiwuwa rabin ƙamshin zauren nasa ne. A gidan rainon tsirrai na Hillier aka fito da shi a 1982, asalin danginsa daga Himalaya, inda mutanen Nefal ke yin takarda da ɓawonsa. A ganina ba wani furen sanyi da ya kai shi ƙamshi. Amma duk jikinsa guba ne, ganye da ɓawo da 'ya'ya, ruwansa kuma yana iya sa fata ƙaiƙayi. Ga shi ba ya son a taɓa saiwarsa, ba ya son iska mai sanyi. Ki bar shi sai yaran sun yi wayo. Haka masu jajayen 'ya'ya irin Skimmia da Ilex: idon yaro yana ganinsu kamar alewa, kuma suna ɓata ciki in an ci. In kina son Skimmia ki ɗauki 'Rubella', namiji ne, ba ya 'ya'ya, jajayen ƙullin furensa ne adonsa duk tsawon sanyi, kuma yana zama lafiya a tukunya. Sarcococca ma yana yin 'yan baƙaƙen 'ya'ya, ba na ci ba ne, ki tsinke su in mai rarrafe yana kaiwa wurin. Ki koya musu tun yanzu cewa ba a kai komai na lambu baki sai an tambayi Mama.

Batun ko ana dashe cikin sanyi: ana yi, lokacinsa ma ke nan. Daga Nuwamba zuwa Maris itace yana hutawa, ba ya jin zafin ƙaura kamar lokacin da yake da ganye. A wannan tsakanin ne ake sayar da masu saiwa tsirara, waɗanda aka tono daga gona ba tukunya, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Cornus a haka za ki nema. Sharaɗi biyu ne kawai: kada ƙasa ta kasance a daskare, kada kuma ta jiƙe sharkaf. In kin dunƙula ta a hannu ruwa ya tsattsafo, ko ta manne wa takalmi kamar taɓo, ki dakata. Masu saiwa tsirara in sun iso ba ki shirya ba, ki tona ɗan rami ki kwantar da su ki rufe saiwar da ƙasa, kada iska ta busar da ita. Ranar dashe ki jiƙa saiwar a bokiti kamar rabin awa.

Ramin ya yi faɗi, ninki biyu zuwa uku na faɗin saiwar, amma zurfinsa kada ya wuce nata. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a hannun mutanenmu, saboda a gida mun saba zurfafa rami da yin kwano a gindi don ya tara ruwa. A nan kwanon nan kabari ne, ruwan sama zai taru a ciki saiwa ta ruɓe. Ki duba jikin karan za ki ga alamar inda ƙasa ta tsaya masa a da, daidai nan za ta tsaya yanzu. Ki sassauta gefen ramin da cokalin haƙa, ki mai da ƙasar da kika tono, ki taka a hankali da dunduniya, ki ba shi ruwa ko da ana yayyafi don ƙasa ta kama saiwa. Sannan ki shimfiɗa ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kewaye, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan. Bayan kowane dare mai tsananin sanyi ki leƙa, domin daskarewa tana ɗaga sabon dashe, sai ki sake taka shi.

Wajen saye, ki duba takardar da ke rataye. In akwai hoton ɗan kofi, lambar yabo ce ta RHS, alamar an gwada irin an ga nagartarsa. Akwai kuma harafin H da lamba: H4 yana jure sanyi har digiri 10 ƙasa da sifili, H5 har 15. A Leeds na fi natsuwa da H5 zuwa sama, sai in wurin yana da kariyar bango. Ki juya tukunyar ki ga ƙasanta. In saiwa ta fito ta nannaɗe kamar gammo, ya daɗe a ciki, ki ɗauki wani. Ƙarami mai lafiya yakan kamo babba cikin shekara uku.

Da filin nawa ne, bana zan sa Cornus uku a inda taga ke kallo, Sarcococca ɗaya a bakin ƙofa, Viburnum ɗaya a kusurwar baya, in tsaya nan. A ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, in sayi Galanthus, 'yan fararen furannin nan masu sunkuyar da kai, lokacin da suka gama fure amma ganyensu na nan kore, don a haka suka fi kamawa, in dasa su a gindin Cornus ɗin. Albasarsu ba ta ci ba ce, a ajiye ta nesa da kicin da hannun yara. Hamamelis in bar shi sai baɗi, bayan na ga sakamakon gwajin ƙasa na kuma ga inda ruwa ke kwanciya a filin.

Abin da ke kashe dashen sanyi ba a sanyin yake zuwa ba, a Mayu da Yuni yake zuwa. Mutum ya ga ƙasar ruwa ce sai ya manta da ban-ruwa, alhali ana iya yin mako biyu ko uku ba a samu na kirki ba, saiwar kuma ba ta yi nisa ba tukuna. Shekara biyun farko, duk makon da aka yi ba ruwa daga Afrilu zuwa Satumba, ki ba kowane itace bokiti guda a gindi, a zuba a hankali ya shige. In za ku tafi gida hutun ƙarshen zango, ki bar wa maƙwabciyar nan taki amanar bokitin.